Hattara da mai tallar "soson gyaran sauti"

Jama'a, ga abin da ya same ni, kada wani ya sake faɗawa. Akwai wani da ke talla a Facebook da zaurukan WhatsApp, wai yana kawo soson sitidiyo daga ƙasar waje. In ka liƙa a bango, inji shi, amsa-kuwwa za ta ɗauke, maƙwabta kuma ba za su ƙara jin kiɗanka ba. Falona tayil ne da bangon siminti, ko tafi na yi sai ɗakin ya maido min. Na tura masa rabin kuɗi, bayan mako biyu wani direba ya miƙo min buhu a tasha.

Da na kwance sai ga soson katifa mai arha, an yanka shi tudu da kwari kamar kiret ɗin ƙwai, an fesa masa baƙin fenti. Kaurinsa bai kai yatsu biyu ba, fentin ma yana bin hannu. Na kira shi, ya ce in cika kuɗi tukuna. Washegari lambar ba ta shiga.

Tun daga tallar ya kamata in farga. Ko soson gaske ba ya hana sauti tsallaka bango, wannan aikin bango mai nauyi ne da toshe kafofin ƙofa da taga. Siririn soso siririyar ƙara kawai yake sha. Dukan bas, wato sauti mai kauri, na 100 Hz (girgiza ɗari a daƙiƙa) tsawon zangon girgizarsa ɗaya ya kusa mita 3 da rabi, ina ruwansa da soson yatsu biyu?

Abin da ya fi tayar min da hankali wuta ce. Irin wannan soso ne ya kama a gidan rawar The Station a jihar Rhode Island ta Amurka a 2003, mutum 100 suka mutu. A 2013 haka ta faru a Santa Maria ta Brazil, sama da 240 suka tafi, yawancinsu hayaƙin ne ya kashe su. Shi nake shirin mannawa kusa da soket, a ɗakin da yara ke kwana wani lokaci.

Gyaran da ya yi min aiki kuwa, da kayan gida na yi shi. Na shimfiɗa darduma mai kauri tsakanin sifiku da kujera, na sa labule mai nauyi a taga, na janye sifikun daga kusurwa, ni da su muka zama kamar duwatsun murhu. Ƙanina ya riƙa jan madubi a jikin bango ina zaune, duk inda na hango sifika a ciki nan na rataye bargo, don daga nan sauti ke dawo min. Kantar littattafai ta koma bayan kujera. Da na sake tafi, ƙarar ta mutu nan take.

Na kai wa banki hoton tallarsa da shaidar tura kuɗin. Jiya ma na ga tallar ta dawo da sabon suna, hotunan dai su ne.