Sharhina a kan wani mai gyaran kwamfuta a Gusau

Jama'a masu shagon buga takardu da rajistar JAMB, in kwamfutar tebur ɗinku ta ƙi tashi kar ku yi saurin yarda da maganar "bod ya ƙone", wato babban allon cikin kwamfuta da komai ke haɗe a kansa. Tawa in ka danna maɓalli fanka zata ɗan juya ta tsaya, monita baƙi ƙirin, mai gyaran farko ko buɗe ta bai gama ba yace sai dai in sayi wata. Wani maƙwabcin shagona ne ya tura ni wurin wani yaro can wajen Kantin Daji.

Abin da ya burge ni da yaron nan bai taɓa cewa in sayi komai ba sai da ya gwada. Ya fara cire duk wani tarkace, firinta, filas, had dis, ya bar bod da RAM (ɗan katin ƙwaƙwalwar aiki) kawai. Sannan ya zare babban soket mai fil 24 na pawa, wato akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, ya lanƙwasa ɗan ƙarfen maƙale takarda ya haɗa koriyar waya da baƙa, fankar pawa ta tashi, ni har na fara murna, yace Alhaji dakata, juyawar fanka ba shi ne lafiya ba. Ya sa mita a wayar rawaya da ya kamata ta ba da volt 12, sai ga ta tana ta sauka ƙasa. To ashe pawa ɗin ne ya gaji, kuma ba abin mamaki bane tunda kullum muna tsakanin janareta da wutar gari ba sitabilaiza. Ya ce min wannan gwajin na kwamfutar haɗi ne irin tawa, ƙananan HP da Dell da yawa soket ɗinsu daban yake, kar mutum ya je ya tsokana.

Da ya canza pawa sai ta koma ƙara ƙit ƙit ba hoto. Ya cire RAM, ya goge haƙoran da kilina ta 'yan makaranta, ya hure ƙurar hunturu da ta yi dam a ramin, ya mayar, sai ga hoto. Kwanan wata kuma ya koma shekarun baya, ya sa sabon batirin CMOS, ɗan zagayen nan CR2032 mai volt 3. Fayilolin kwastomomina ko ɗaya bai ɓata ba.

Inda ban ji daɗi ba, alƙawarinsa kam sai haƙuri, yace bayan azahar sai da na yi magariba a shagon, kuma pawar da ya sa min tokumbo ce ba garanti, sai da na tambaya ya faɗa. Ya kuma matsa min in hau Windows 11 wai Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun Oktoba 2025, gaskiya ne, amma tsohuwar tawa ba zata ɗauka ba don haka na ce a bar ta tukuna. Zan koma wurinsa, sai dai gaba ni zan sayo kayan da kaina.