Kaburburan San Kalisto a Roma: zagayen da ya cancanci kuɗinsa

Duk Kiristan da Allah Ya kai Roma, ina ba shi shawara kada ya tsaya a Vatican da Kolosiyum (tsohon filin wasan Romawa) kawai. Ya hau bas mai lamba 118 zuwa tsohuwar hanyar Appia, ya sauka a kaburburan ƙarƙashin ƙasa na San Kalisto. Ni malamar makarantar Lahadi ce, na daɗe ina koya wa yara Yohanna 15:20, inda Yesu ya ce in sun tsananta masa, su ma almajiransa za a tsananta musu. Na je ne don in ga inda mutanen da maganar ta cika a kansu suke kwance.

Ba a shiga sai da jagora, kuma kuɗinsa yana cikin tikiti. Ana raba mutane bisa harshe, mu muka bi na Turanci. ’Yan Salesiya, wata ƙungiyar limaman Katolika, ne ke kula da wurin tun 1930. Ana sauka ta matakala mai tsayi, sai iska mai sanyi ta tare ka, ga lunguna matsattsu, bango hagu da dama duk ramukan gawa ne a jere, wani kan wani kamar kantar shago. Ƙananan ramukan na jarirai ne, kuma suna da yawa ƙwarai. Lungunan sun kai kusan kilomita 20, a hawa huɗu.

Abin da ya sa na yaba wa jagoranmu shi ne bai ƙara wa labarin gishiri ba. Wata ’yar’uwa ta tambaye shi ko a nan Kiristoci ke ɓuya daga sojoji. Ya ce a’a, maƙabarta ce, hukuma ta san da ita, dokar Roma ma tana kare kabari. Ya kuma bayyana cewa tsanantawar ba kullum ake yinta ba, takan lafa shekaru sannan ta taso. Sarki Nero na Roma ya ɗora wa Kiristoci laifin gobarar birnin a shekara ta 64. Sarki Dishiyus a 250 ya tilasta wa kowa ya miƙa hadaya ga allolin Roma ya karɓi takardar shaida. Sarki Baleriyan a 257 ya hana taro a maƙabartu.

A ɗakin da aka binne bishop-bishop tara na Roma muka fi daɗewa, kuma nan ne zuciyata ta karye. Ga sunan Fabiyan da haruffan Helenanci a kan dutse, ya mutu a 250. Ga Fontiyan, wanda aka kora zuwa aikin haƙar ma’adinai a Sardiniya a 235. Shi kuwa Sistus na biyu, a cikin wannan maƙabarta aka kama shi ranar 6 ga Agusta, 258, aka kashe shi tare da dikinoni huɗu. Matiyu 10:18 ta ce za a kai su gaban mahukunta da sarakuna. Waɗannan mutane sun karɓi shugabancin ikilisiya suna sane da abin da ya sami na gabansu.

Jagoranmu bai ɓoye ɗaya gefen ba. A zamanin Dishiyus da yawa sun miƙa hadayar don tsoro, bayan ƙura ta lafa suka dawo suna neman gafara. Ikilisiya ta rabu a kan haka: wani limami mai suna Nobatiyan ya ce kada a karɓe su, Karniliyus bishop na Roma ya ce a karɓi mai tuba. Shi ma Karniliyus a wannan fili aka binne shi. Wannan ya taɓa ni, domin Yesu ya faɗa a misalin mai shuka cewa wani zai yi tuntuɓe in tsanani ya zo saboda Maganar. Mu da muka fito daga inda aka sha ƙona majami’u, mun san ba kowa ke iya tsayawa ba, kuma tambayar yadda za a yi da wanda ya kasa ba ta tsufa ba.

Sai zanen bango. Na yi ta duba ko zan ga takobi ko bulala, ban gani ba. Kifi ne, da kurciya, da Makiyayi ɗauke da tunkiya a kafaɗa, da Yunusa yana fitowa daga cikin kifi, da mutane zaune a teburin gurasa. Gargaɗin da suka ji bai mai da su masu ɗaci ba, tashin matattu ne ya cika musu ido.

Kuka na ɗaya ne, kuma da kamfanin da ya shirya mana tafiya nake. Zagayen bai kai awa ɗaya ba, muna fitowa direba ya fara kiran mu, ko zama a yi addu’a a lambun ba mu samu ba. In za ku je, ku ware rabin yini da kanku. Ku ɗauki rigar sanyi da takalmi mara tsini, ba a ɗaukar hoto a ciki, kuma mai ciwon gwiwa ya yi tunani kafin ya sauka. Ranar Laraba a rufe yake.