Wata huɗu na firaktikal a sashen tamowa: abin da na samu da abin da na biya ban gani ba

Tun da na dawo gida ƙannena biyu masu son shiga kwas ɗin abinci mai gina jiki suke tambayata ko firaktikal ɗin kwalejinmu ya ci kuɗinsa. Na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya gani. Ba zan kama sunan kwalejin ba, wanda ya sani ya sani, kuɗin ma kun san shi.

Mu shida aka tura wani asibitin karkara a Jigawa, a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro da gudawa sun sako yara a gaba. Ranar awon tamowa, kafin ƙarfe takwas layin mata ya kai gindin dalbejiyar bakin ƙofa.

A sati na uku aka ba ni tef ɗin awon damtse ni kaɗai. A aji mun haddace shi kamar karatun allo: ƙasa da santimita 11.5 ja, wato tamowa mai tsanani, daga nan zuwa 12.5 rawaya, wato matsakaiciya, abin da ya haura kore, wato lafiya. Wata mata ta miƙo min yaronta ɗan wajen wata ashirin, kumatu cike, jiki ɓul-ɓul. Na auna, 12.7. Na ce mata ai yaro lafiya lau, ta ci gaba da kunun gyaɗa. Har ta goya shi ta juya, sai matar da ke riƙe da sashen, wadda kowa ke kira Anti, ta ɗago kai daga rajista.

"Baiwar Allah, dakata. Sauko min da shi." Sannan ta dube ni. "'Yata, kin taɓa ƙafarsa?"

Ban taɓa ba. Ta kama manyan yatsuna biyu ta ɗora a bayan ƙafafun yaron, ta ce in danna in ƙirga uku. Da na ɗaga, rami ya zauna a duka ƙafafun bai koma ba. Haka ƙwauri, haka bayan hannu. Sai a lokacin na ga gashin kansa ya yi ja ya yi laushi, idanun sun shige cikin kumburi. Abin da na ɗauka ƙiba ce, ruwa ne, kumburin tamowa mai tsanani. Aka ba shi gyaɗar tamowa ta leda don a gwada cinsa, ya kau da kai. Nan take aka ba shi gado.

Wallahi har yau in na tuna na sallami yaron nan da bakina, jikina sanyi yake yi. Ƙauyensu tafiyar awa biyu ce a amalanke, ba lallai uwar ta sake dawowa ba.

Anti ba ta yi min faɗa a gaban mata ba. Cewa ta yi tunda ni na auna shi, ni zan kwana da shi. A daren nan na koyi abin da shekara guda a aji ba ta ba ni ba. Ta nuna min dalilin da ya sa ake fara wa irin wannan yaro da madarar tamowa mai sauƙi da ake kira F-75, ba F-100 da ta fi ta ƙarfi ba: jikinsa ya raunana, in aka ɗura masa abinci mai ƙarfi da gishiri lokaci guda zuciya na iya gazawa. Shi ya sa ake ba shi kaɗan-kaɗan duk bayan awa biyu, har cikin dare, don kada sugan jininsa ya faɗi. Ba a ba shi maganin ƙarin jini a kwanakin farko. A lulluɓe shi a jikin uwarsa ko da mu manya muna jin zafi, domin sanyi kaɗai na iya tafiya da shi.

Kwana huɗu sai ga wata rigimar. Kumburi ya fara saɓewa, nauyinsa ya ragu, ƙasusuwa suka fito. Kakarsa ta zo ta ce sun kawo yaro da jikinsa asibiti ya tsotse shi, za ta kai shi wajen mai magani. Ni da takardar ƙa'idoji na nufe ta. Anti kuwa tabarma ta jawo ta zauna kusa da ita, ta gaishe ta kamar uwarta, ta ce, "Iya, in an jiƙa gero ya kumbura, yawa ya ƙara?" Tsohuwa ta yi shiru, daga baya ta ce a bar shi. Ranar da yaron ya fizge ledar gyaɗa daga hannun uwarsa yana tsotsa, na fita bayan ɗaki na yi kuka.

Da a nan zan tsaya, sai in ce ku rufe ido ku biya. To amma Anti ba ma'aikaciyar kwalejinmu ba ce. Jami'ar lafiya ce ta asibitin, kwaleji ba ta ba ta ko kwabo a kanmu, don Allah take yi. Malamin da aka ce shi ne mai duba mu, wanda da sunan zirga-zirgarsa aka ƙara mana kuɗi, sau ɗaya muka gan shi a wata huɗu, a satin ƙarshe. Ya tara littattafanmu shida ya sa hannu a tsaye, bai karanta ko layi ɗaya ba.

Kuma ba tamowa kaɗai muka je koya ba. Wani dattijo mai ciwon suga ya tambaye ni malmala nawa ta tuwon dawa zai ci, ko fura ta halatta masa in ba a sa suga ba. Na tsaya ina kame-kame, domin jadawalin da aka ba mu a aji cike yake da abincin da ba a sayarwa a kasuwar ƙauye. Ba wanda ya taɓa auna mana malmalar tuwo ko ludayin kunu a kan sikeli. Asibitin ba shi da masanin abinci ko ɗaya, kwalejin kuma ta san haka kafin ta tura mu. Masu hawan jini na san in ce musu gishiri kada ya kai giram 5 a rana, amma yadda zan fassara wannan ga matar da ke girka wa mutum goma sha biyar a tukunya ɗaya, ga dunƙule ga kanwa, babu wanda ya nuna min. Wannan ya ci min rai ƙwarai, don aikin da na biya in koya ke nan.

Masaukin da aka yi mana alkawari ma ba mu gan shi ba, ɗaki muka kama da kuɗinmu, yana yoyo.

Saboda haka, ƙannena, kafin ku biya ku tambaya wa zai tsaya a kanku a wurin da za a tura ku, kuma sau nawa malamin kwaleji zai zo. Ku sa a faɗa muku a gaban shaida. Labarin yaron nan shafi uku na rubuta a littafina, da awonsa na kowace safiya. Sa hannun malamin na nan a ƙasan shafi na ukun, kwanan watan da ya rubuta ma ba na ranar da ya zo ba ne.