Saita fitilar mota: a gida ko a garaji?

Direbobi nan Tahoua sun yi ta tambayata: in masu tahowa suna ta walƙa maka wuta kan hanyar Konni don fitilarka ta haske musu ido, da kanka za ka gyara ko garaji za ka nufa?

Wajen kuɗi, gida ya fi. Sukundireba, abin awo da bango sun isa. Sai dai aikin na son natsuwa. Samu fili shimfiɗaɗɗe (a cikin rairayin unguwanninmu nan wahalar take), ka duba iskar tayu, ka mai da maɓallin tsayin fitila kan 0. Tsai da mota mita 10 daga bango, ka sa alama daidai tsayin tsakiyar fitila. In an rubuta 1% a jikinta, ya kamata bakin hasken ƙaramar wuta ya sauka santimita 10 ƙasa da alamar. Kusoshin saiti biyu ne bayan fitilar, su za ka juya: ɗaya sama da ƙasa, ɗaya hagu da dama.

Garaji mai na'urar awo ya fi sauri da daidaito, amma tambaya tukuna, don wasu da ido kawai suke yi, su karɓi kuɗinka.

Haɗarin gida: robar kusoshin tsohuwar mota ta sha rana, da ka matsa sai ta karye.

Wanda ƙwan fitila kawai ya canza, yana da haƙuri, gida ya ishe shi. Motar da ta yi karo, ko mai fitilar LED da ke saita kanta, ko direban dare zuwa Agadez, garaji ya fi dacewa da su.