Jirgin ruwa na hannu da muka duba a Apapa

Jiya na raka maigidana wajen wani mai saida kwale-kwale na hannu a Apapa, gaskiya mutumin bai da boye-boye. Inji biyu ya nuna mana, Yamaha mai karfin doki 40 wanda ake hada fetur da bakin mai, kayan gyaransa ko'ina akwai a Legas amma yana shan mai, dayan kuma baya hayaki sai dai tsada.

Bakanikenmu ya kwance man giyar daya daga cikin injinan, sai gashi fari kamar madara, wai ruwa na shiga kenan. Bangaren kasa na injin kuma ruwan gishiri ya cinye, farfela duk ta lankwashe. Bakaniken yace "Alhaji kada fenti ya rude ka, a tada shi cikin ruwa tukuna." Mai kayan ya yarda, har ya rage kudi.