Takaful a kan tsohuwar Corolla: abin da na gani cikin shekara guda

Shekaruna 68, kuma tun ina ɗan talatin da 'yan kai nake riƙe da sitiyari a garin Kano. Yanzu zirga-zirgata ba ta da yawa: daga gida a Gyaɗi-Gyaɗi zuwa masallacin Juma'a, zuwa Asibitin Malam Aminu Kano wajen likitan hawan jini, ranar Asabar in kai Hajiya cefane 'Yankaba. Motar Corolla ce ƙirar 2007, da kuɗin sallama daga aikin koyarwa na saye ta, kuma na san idan ta salwanta ba ni da halin mayar da ita.

Duk shekarun nan, inshora a wurina takarda ce kawai da ake haɗo min da sauran takardun mota. Ka ba wani yaro kuɗi a bakin ofis, ya dawo maka da su a ninke, ka cusa a aljihun mota. Sai ranar da na daki bayan wata Honda kusa da gadar Dangi, gab da magariba, lokacin da fitilun masu tahowa ke dallare min ido. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi, amma bambar Hondar ta tsage, fitilarta ɗaya ta tarwatse. Mai motar, yaro mai ladabi, ya ce, "Baba, ku kira masu inshorarku mana." Ɗana ya danna *565*11# a wayarsa ya sa lambar motar, sai ga shi babu ita a rumbun bayanan inshora na ƙasa. Takardar bogi nake yawo da ita. Naira 180,000 na biya daga aljihuna, fanshon wata biyu ke nan har da ɗoriya.

Wannan ne ya kai ni ofishin wani kamfanin takaful, wato inshorar Musulunci, a nan cikin gari. Na zaɓi takaful ne saboda na daɗe ina da ɗar-ɗar a kan inshorar da aka saba, ta fuskar riba da rashin tabbas. Yarinyar da ta karɓe ni, sa'ar autata, ta yi min bayani da Hausa tsaf. Ta ce kuɗin da zan bayar gudummawa ce cikin asusun taimakon juna, daga ciki ake gyara wa wanda tsautsayi ya faɗa wa, kamfani yana ɗaukar ladan kula da asusun, idan kuma an samu rara a ƙarshen shekara ana iya raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Na tambaye ta sau uku a kan abu ɗaya, ba ta ƙosa ba. A nan suka fara samun yardata.

Tambayar da ta fi damuna ita ce ta shekaru, domin ƙanina da ke Ingila ya taɓa gaya min cewa a can da ka kai 70 sai ka riƙa sabunta lasisi duk shekara 3, kuma kamfanoni suna duba shekarun mutum wajen yanka masa farashi. Na ce, "'Yata, tsufa yana ƙara kuɗin?" Ta ce a'a Baba. Inshorar tilas, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, NAICOM, hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, ce ta yanke kuɗinta bisa nau'in abin hawa: tun 1 ga Janairun 2023 motar gida Naira 15,000 ce a shekara, daga 5,000 da ake biya a da, kuma tana biyan ɓarnar dukiya har Naira miliyan 3. Da ɗan shekara 25 da ni, kuɗinmu ɗaya. Na zauna ina lissafi a zuci: da takardata ta gaske ce, da 180,000 ɗin nan na nan a hannuna.

Amma inshorar tilas ba ruwanta da motarka, ba ruwanta da jikinka. Idan kana so a gyara taka, ko a biya ka in an sace ta ko ta ƙone, sai cikakkiya, ita kuma ƙa'idar hukumar ba ta ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na darajar motar. Suka zo suka duba Corolla, suka ɗauki hotunanta ta ko'ina, aka tsayar da ita a miliyan 6. Naira 300,000 ke nan a shekara. Gaskiya jikina ya yi sanyi. Kwana huɗu ina juya maganar. Akwai ta tsakiya, mai haɗa ta tilas da gobara da sata, amma ni ba ɓarawo ne babban tsorona ba, domin motar a cikin gida take kwana. Tsorona cunkoson titin Zariya ne da 'yan adaidaita sahu masu kutsowa ta hagu da dama, ga ido da saurin taka birki ba kamar da ba. Yara suka haɗa rabi, na cika rabi.

Wata bakwai bayan haka, a Ƙofar Nassarawa, wani ɗan adaidaita ya goge min ƙofofin dama biyu ya cire madubi, ya tsaya yana rantsuwa ba shi da ko sisi, kuma da ganinsa ka san gaskiya ya faɗa. Na ce ya tafi. Na buga wa kamfanin waya a take, suka ce in ɗauki hoto kafin in gusa. Washegari na kai lasisi da takardun mota da kiyasin mai gyara, Naira 240,000 har da fenti da madubi ɗan kasuwar Ƙofar Ruwa. Mai duba ɓarnarsu ya rage zuwa 220,000, aka cire kashi 10 da takardata ta ce ni zan ɗauka, suka tura 198,000. Sun biya, ba tare da na nemi alfarmar kowa ba, kuma wannan shi ne babban abin da nake so masu shekaru irin nawa su ji.

Inda suka gaza kuma zan faɗa. Biyan ya ɗauki sati biyar, alhali an ce min biyu, kuma sai da na yi ta kira. Maganar kashi 10 ɗin nan ba a gaya min ita da baki ba ranar farko. Tana cikin takardar yarjejeniya, da Turanci, da ƙananan haruffan da ko da tabarau sai na kai ta bakin taga. Wannan ya ɓata min rai ƙwarai, domin mutumin da ya zo saboda amana ya cancanci a karanta masa komai. Ofishin kuma a bene yake, hawa na biyu, ba lif. Ranar da na kai takardu sai da na huta a tsakiyar matattakala ina riƙe da gwiwa. Fom ɗin neman diyya ma ta intanet suka fi so a cika, wanda ba shi da ɗa ko jika a kusa zai sha wuya.

Tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsananta binciken inshorar tilas, don haka ta 15,000 ba abin da za a yi jayayya a kai ba ne, a dai saye ta a hannun kamfani, a kuma danna lambar nan ta *565*11# a tabbatar kafin a bar wurin. Cikakkiyar kuwa, ga wanda motarsa ta tsufa sosai kuma yana da ɗan abin gyara a ajiye, ban ga dole ba. Ni da mota ɗaya ce ƙafata da ta Hajiya zuwa asibiti, na sabunta a makon jiya. Wannan karon na sa yarinyar ta sauko ƙasa, muka zauna a benci a inuwar darbejiya, ta karanta min sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya da Hausa kafin na sa hannu. Tuƙin bayan magariba kuma na bar wa ɗana, har sai an cire min yanar ido bayan Sallah.