Kula mai hawa uku: ta iya dambu, ba ta iya miya ba

Duk mai aiki a mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ya san babu zancen "bari in leƙa gida in ci abinci in dawo". Daga Mabera inda nake zaune, sai na ratsa gari, na ƙetare gadar Kwalkwalawa, sannan in kai. Abin da na fito da shi da safe shi ne abincin ranata, in ba haka ba sai shinkafar sayarwa mai iyo cikin mai, ko biskit da lemon kwalba. Shi ya sa na sayi kula mai hawa uku a Sabuwar Kasuwa, irin ta ƙarfen nan marar tsatsa, mai maƙalai biyu a gefe da mariƙi a sama. Na yi bazara da ita, na yi damina, na shiga hunturu, don haka ina da bakin magana.

Mai shagon har rantsuwa ya yi mini: "Hajiya, in kin zuba da asuba, wallahi har la'asar tururi za ki ishe." Kashi ɗaya cikin uku na maganarsa gaskiya ne. Hawan ƙasa bango biyu gare shi, kuma idan na cika shi da tafasasshen ruwa na ɗan lokaci na zubar, sannan na juye abinci kai tsaye daga wuta, bayan sallar azahar sai na hura kafin in kai baki. Na tsakiya kuwa ɗumi-ɗumi nake samunsa. Na sama kwano ne kawai da murfi.

Wannan ɗumi-ɗumin shi ne matsalar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. Ko dai ya zauna da zafi sama da digiri 60, ko da sanyi ƙasa da digiri 5, don tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. To, a Sakkwato, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ga ofis ba wuta, fanka ta tsaya cik, miyar tumatir a hawan tsakiya kafin ƙarfe biyu ta fara tsami. Alala ma haka, ta soma yauƙi. Fura da nono kuwa kada ma a fara.

Ga yadda muka daidaita da kular. Duk abin da ya ga wuta, hawan ƙasa yake shiga, da zafinsa. Garau-garau ya fi kowa jin daɗin zama a ciki: nakan jiƙa wake tun dare, da asuba ya yi saurin nuna, in zuba shinkafa, kafin yara su gama shirin makaranta an sauke. Mai da yaji a 'yar kwalba daban, cokali biyu ya ishe ni, abin da ba zan taɓa iya ce wa mai sayarwa ba ta saurare ni. Dambun masara da zogale shi ma yana isowa washar-washar, bai caɓe ba, ƙamshin albasa na bugun hanci da an ɗaga murfi.

Hawan tsakiya na bar wa kayan da ba ruwansu da zafi: dakakken ƙuli-ƙuli, albasa guda da tumatir guda, ban yanka ba. Albasar kasuwar Ramin Kura nake saye, mai ƙarfi, wadda ba ta jin komai. In za a ci kwaɗo, zogalen da zafinsa yake tafiya a ƙasa, a matse tsaf, sai na zauna in yanka in haɗa a teburina. Kwaɗon da aka haɗa tun gida ruwa yake saki, ya yi lagwas. Abokiyar aikina da ke yi mini dariyar yawo da wuƙa a jaka, yanzu ita ke fara miƙo cokali: "Maman Abba, a ɗan taɓa mana." Na sama kuma dabino, soyayyar gyaɗa, karas ko kokwamba.

Aibinta babba robar bakin murfi ce. Ranar da na saka miyar kuɓewa na hau kabu-kabu, kafin mu kai Dandima ta yoyo ta ɓata mini takardu da gefen mayafi. Robar tana kama warin daddawa da launin manja, sai an ɓamɓaro ta an wanke daban an shanya. Maƙali ɗaya ya fara sassautawa. Tana da nauyi, ba ta shiga jakar hannu, kuma namiji mai aikin ƙarfi hawan ƙasan nan ba zai ƙosar da shi ba.

Kuɗinta bai wuce abin da nake kashewa a abincin sayarwa na 'yan makonni ba, kuma barcin bayan azahar da shinkafa mai maiƙo ke sa ni ya ragu sosai. In ta lalace zan sake saye, amma wadda kowane hawa ke da bango biyu. Mai niyyar saye ya ƙwanƙwasa kowane kwano da farce, mai bango ɗaya ƙara yake yi ƙwal-ƙwal. Sannan ya sayi fiya wata guda, ya juye a ciki, ya rufe, ya kifa ta a gaban mai shago. In ya hana, a matsa shago na gaba.